Rema, Ba Rima Ba

A shekarar da hukuma ta ba wa mata izinin tuƙa mota a ƙasar nan, a shekarar ne ciwon mantuwa ya kama mahaifiyarku da gaske. Kullum abubuwan nan biyu tare suke zo mini, domin ranar da autarku Amal ta shigo gida tana ɗaga lasisinta sama tana guɗa, mahaifiyarku ta dube ta daga kan gado ta yi mata sannu da zuwa irin wadda ake yi wa baƙuwa, ta ce a kawo wa yarinyar mutane ruwa. Amal ta yi dariya, ta wuce kicin, ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba don kada mu ji kukanta. A gidanmu na unguwar Utaibiyya a Makka muke a lokacin. Abin da ya sa nake rubuta wannan babi shi ne, har yau ina jin jikokina suna cewa kakarsu ta rasu tana kiran wata mata mai suna Rima. Wasu su ce ƙawarta ce ta ƙuruciya, wasu har su ce 'ya ce ta haifa ta rasu muka ɓoye muku. Babu wata Rima. Ku natsu ku ji yadda abin ya kasance.

Larabci ne ya fara barinta. Matar da ta yi shekara da shekaru tana ciniki da masu kayan miya har su ce ta fi su iya bakin Makka, sai ga shi an ce mata "kef halik" tana kallon mutum. Daga nan Hausar Kano da ta koya a wurina ita ma ta zube, ta koma bakin garinsu, wani ƙauye a gindin dutse can wajen Kwatarkwashi a ƙasar Zamfara, wanda ta bari tana amarya. Ku kuwa da kuka tashi a nan, Hausar Kanon ma da ƙyar kuke haɗa ta, balle wannan. Abu ɗaya Allah Ya rage mana: daga sallar Asuba zuwa hantsi tana gane ni. A lokacin nake jiƙa mata burodin tamis a shayi in ba ta, kuma daga hannuna kaɗai take karɓa. Da rana ta ɗaga sai hankalinta ya tashi, ta riƙa leƙen ƙofa, ta ɗaura mayafi ta kwance, ta sake ɗaurawa, kamar wadda ta shirya fita ake tsare ta. Duk wanda ya shigo tambaya ɗaya take yi masa.

"Rema sun hito?"

Kun ji "sun", kuka ce lallai babbar mace ce ake girmamawa. Amal ta rubuta a zauren 'yan'uwa na waya tana cigiyar Rima, aka bi dangi har Jidda. Yayanku Abdullahi ya tuna da wata tsohuwa 'yar Sham mai wannan suna da muka taɓa maƙwabtaka da ita, ya je har Aziziyya ya ɗauko ta. Baiwar Allah ta hau bene da ƙyar tana haki, ta zauna bakin gado ta kama hannun mahaifiyarku tana cewa ga ta ta zo. Mahaifiyarku ta gaishe ta da kyau, ta tambaye ta gajiya, sannan ta matso kusa da kunnenta ta ce, "Baiwar Allah, da kina tahowa, rema sun hito?"

Ni ma kada ku ɗauka na fi ku. Ina jin kalmar safe da yamma, ban taɓa tsayawa a kanta ba, sai ranar da Amal ta miƙo mini wayarta in ga amsoshin mutane. Na ga yadda ta rubuta sunan: ra, ya, mim, alif. Idona ya saba da ajami tun ina yaro a Kano, kuma mu idan za mu rubuta irin wannan sauti ba ma barin baƙin haka, ɗigo muke ɗiga masa a ƙasa, wanda ake kira imala, don a bambanta "re" da "ri". Na ji idona yana neman ɗigon bai gan shi ba.

Na ce, "Amal, uwarki ba Rima take cewa ba. Rema take cewa."

Ta ce, "Abuya, ai duk ɗaya ne."

Na ce, "A rubutunku ɗaya ne. A bakinta ba ɗaya ba ne."

"To mene ne rema?"

Ni kuwa ɗan cikin ganuwa ne, dutsen da na sani a ƙuruciya Dala ne da Gwauron Dutse. Bayan La'asar na tafi majalisarmu ta tsofaffi a ƙofar masallacin unguwa, na sami Alhaji Bawa, abokina Bazamfare da ya daɗe yana sayar da turare kafin gwiwa ta zaunar da shi. Da na tambaye shi sai ya yi dariya har ya ajiye kofinsa.

"Kai ɗan birni! Littahi nawa ka sha, ba ka san rema ba? Dabba ce, Malam. Ita ce Larabawan ga ka ce ma wabar. Kamar zomo, amma ba kunne, ba wutsiya, cikin kogon dutsi take. Ga su nan bisa duwatsun Hada, kan hanyar Ɗa'ifa, in mahalba sun rage su."

Na ce, "To me Hajiya take yi da su?"

Nan dariyar ta tsaya. Ya ce, "Wannan kam ita ta sani. Kowane dutsi da nashi zance."

Mun ɗauka an gama. Amal ta nemo hotunan wabar a waya, kyawawa, ta kai mata. Mahaifiyarku ta karɓa ta duba da kyau, fuskarta ta saki har muka fara murna, sai ta mayar da wayar ta ce, "Wanga na wata rana ne. Na yau nika tambaya. Wa ya gani?" Abdullahi, da yake mai son gama magana ne, ya durƙusa gabanta ya ce, "Ummi, ni na gani, sun fito, halas, an gama, ki kwantar da hankalinki." Ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Yaro, ƙafarka ba ta taka dutsi ba. Ku hwaɗa ma Malam ya tai ya gano. Shi ba ya ƙarya."

Ina tsaye a bakin ƙofa ta faɗi haka, ba ta san ni ne ba, don rana ta riga ta yi.

To ga inda wuyar take. Alhaji Bawa ya gaya mini rema da sanyin safiya suke fitowa shan hantsi, in rana ta yi zafi sun koma rami. Wato lokacin da zan gan su shi ne lokacin da take gane ni. Duk safiyar da na ba dutse, ita na hana, kuma likita bai ɓoye mana cewa safiyoyin ba su da yawa ba. Abdullahi ya yi faɗa, kuma ba na ganin laifinsa. Ya ce ni tsoho ne mai hawan jini, in na faɗi a kan dutse wa zai ji da wa, ya ce in zauna kusa da matata in ce mata na gani, Allah Ya san niyyata. Na ce masa duk abin da ya rage mata game da ni shi ne ba na ƙarya. Sunana ya tafi, fuskata tana tafiya, wannan kaɗai ta riƙe, ba zan karɓe shi daga hannunta ba. Sai kuma zancen hoto. Kun san ni, in ba na fasfo da iƙama ba, wato takardar zama, ban taɓa tsayawa gaban kyamara ba, kuma da Amal ta sayi tata mai dogon baki ban hana ta ba, amma ban taɓa cewa ta nuna mini abin da take ɗauka ba. Na yi istihara, na wayi gari zuciyata a sake. Shaida nake so in kawo wa mara lafiya, ba abin ratayewa a bango ba.

Haka muka fara. Mu yi Asuba, matar Abdullahi ta zo ta zauna da ita, Amal ta ja mota. Sabuwar direba ce, ga hanyar Hada da lanƙwasa kamar an murɗa igiya, ga hazo wani lokaci yana sauka har ba ka ganin motar gabanka. Duk kwanar da za ta sha sai na ce "Ya Salam."

Ta ce, "Abuya, wallahi addu'arka ta fi hanyar tsorata ni."

Na ce, "Ki riƙe sitiyarinki, in riƙe Ubangijina, kowa da aikinsa."

Birai muka fara samu, waɗannan da ke tare bakin titi suna jiran abin da matafiya za su jefa. Ɗaya ya zura hannu ta taga ya ɗauke ledar dabinona, ya hau kan dutse ya zauna yana ci yana kallona. Amal ta ce ko shi za mu ɗauka mu kai wa Ummi, tunda shi ya fito da kansa. Muka wuce su, muka bar babban titi, muka bi wata 'yar hanya har inda mota ba ta wucewa. Alhaji Bawa ya ce mu nemi dutsen da ke da farin zane yana gangarowa kamar an zubar da farar ƙasa, fitsarinsu ne ke yin haka, da tarin kashi ƙanana a bakin kogo. Mun sami wurin ba da wahala ba. Amal ta kafa kyamarar a kan ƙafafunta uku a bayan wani dutse, ta shimfiɗa mini darduma, muka zauna.

Ba mu ga komai ba ranar, haka washegari. Laifina ne. Ni mutum ne mai labari, kun sani, kuma ban taɓa samun Amal ita kaɗai a zaune ba waya a hannu ba. Sai in fara ba ta labarin yadda muka zo ƙasar nan, a hankali a ganina, ita kuwa ta riƙa ɗora yatsa a baki. Da na kame bakina sai na ciro carbi. Can muka ji wani fito mai kaifi daga saman dutse, na ga wani abu launin ƙasa ya wulga, shi ke nan.

Amal ta ce, "Abuya, carbinka."

Na ce, "Me ya yi?"

"Ƙas, ƙas, ƙas. Har can suna ji."

Na dubi carbin nan da ya yi shekaru a hannuna, ban taɓa sanin yana da murya ba. Na sa shi a aljihu, na koma lissafi da gaɓoɓin yatsu. A zaunen nan na yi tunanin tattabarun Harami da ke tafiya tsakanin ƙafafun mutane ba ruwansu, saboda a cikin iyakar Harami an hana ko razana dabba. Nan kuwa mun fito daga iyaka, abin da waɗannan bayin Allah suka sani game da ɗan Adam shi ne bindiga. Ga mu kuma mun zo mun saita musu wani baƙin abu mai dogon baki. Ban ga laifinsu ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne komawa gida. Mu iso rana ta take, in tarar da shayin ya huce a kofi, tamis ɗin ko gutsura ba a yi ba. Matar Abdullahi ta ce tun da safe take tambaya ina Malam, ta ƙi karɓar komai, har ta gaji ta daina tambaya. In zauna kusa da ita ta ja mayafi ta rufe fuska, don baƙon namiji ne a wurinta. Na riƙa hutawa kwana ɗaya in tafi kwana ɗaya, amma a kwanakin hutun ma sai na ga lokacin ganewar yana gajarcewa. Wata safiya a hanya na ce wa Amal ta juya, na fasa, yayanta ya fi ni gaskiya. Ta gangara gefen titi ta tsaya, ba ta kashe motar ba.

Ta ce, "In ka ce mu koma, mu koma. Amma Abuya, ni ba ta san ni ba ko da safe. Wannan tuƙin da kyamarar su kaɗai nake da su da zan ba ta."

Ban taɓa jin ta haɗa Hausa mai tsawo haka ba tare da ta tsoma Larabci ba. Na ce ta ja mu tafi.

Ranar an yi sanyi sosai. Muka zauna, na haɗe hannuwana cikin hannun riga, ban ce uffan ba. Rana ta fara taɓa ƙwanƙolin dutsen, hasken yana saukowa a hankali. Sai ga wani ya leƙo, babba, gashin bakinsa ya yi fari. Ya hau kan wani dutse mai tsini ya zauna, ya juya ya kalli inda muke. Na daina ko lissafin yatsu. Ya daɗe yana kallonmu, ni ma ina kallonsa, tsoho da tsoho. Can ya kawar da kai, ya dubi sama wajen shaho. Kamar abin da ake jira ke nan, sai ga su suna fitowa daga tsagar dutse, manya da ƙanana, suna miƙewa a kan falalen dutsen suna baje ciki. Wata uwa ta kwanta, 'ya'yanta biyu suka haye bayanta suka zauna kamar an ɗora su. Amal ta kama hannuna a hankali ta ɗora yatsana a kan maɓallin, ta matsa gefe don in sa ido. Ta tallafe hannuna da nata, na danna. Ƙarar ba ta kai ta carbina ba. Tsohon ya waiwayo, ya yi shawara da kansa, ya bar mu.

Ban san yadda muka sauko ba, ban ce "Ya Salam" ko sau ɗaya ba. Duk da haka hantsi ya wuce kafin mu iso. Na tarar da ita zaune a bakin gado, mayafi a ɗaure, takalmi a ƙafa, tana kallon ƙofa. Na yi sallama ta amsa kamar ga baƙo. Na zauna a ƙasa gabanta. Idonta ya sauka kan ƙafar wandona, inda ƙayoyin ciyawar dutse suka maƙale. Ta miƙo hannu ta cire ɗaya, ta juya ta a yatsunta.

"Daga dutsi kake?"

Na ce, "Daga dutse nake."

"Rema sun hito?"

"Sun fito, Hajiya. Da idona na gani, yau da safe. Ga su."

Amal ta durƙusa ta riƙe mata kyamarar, ta kunna hoton. Ta daɗe tana kallo. Ta ɗora yatsa kan tsohon da ke saman dutse.

"Ga mai gadi nan. Ka ga bai tashi tsaye ba. Ga ɗiya har bisa uwassu." Ta sauke numfashi, irin wanda na yi watanni ban ji ta sauke ba. "To babu damisa."

Amal ta dube ni, ni ma ban gane ba. Na ce, "Wace damisa, Hajiya?"

Ta yi mini kallon da take yi mini tun tana amarya in na yi tambayar 'yan birni.

"Ruwanmu bisa dutsi yake, cikin kwatarniyar dutsi. Inna ba ta bari mu ɗauki tulu sai an leƙo. In rema na waje suna shan hantsi, hanya lahiya lau, a hau. In ba su hito ba, akwai abin da ya hana su, kowa ya zauna gida." Ta gyara mayafinta. "Tun ɗazu nika shirye. Ba wanda ya leƙo min."

Sai a lokacin na fahimci abin da take jira a bakin ƙofa duk watannin nan. Na tuna ranar da na ɗauko ta daga gindin dutsen nan, yarinya ƙarama, na ce mata Makka za mu, ta ɗauki ƙullin kayanta ta biyo ni ta ƙasashen da ko sunansu ba ta sani ba. Ba ta tambaye ni ko hanya lafiya ba, ni ma ban leƙo mata ba, don ban sani ba. Na sunkuyar da kai kada ta ga fuskata. Sai na ji hannunta a kan hulata.

"Malam?"

Rana tsaka ce, ba lokacinta ba ne. Na ce, "Na'am."

"Kai ka hau da kanka? Da waɗannan gwiwoyin?"

"Ni na hau. Amal ta kai ni."

Ta juya ta dubi Amal, ba ta kira sunanta ba, amma ta shafa kumatunta ta ce Allah Shi yi albarka, ɗiyar kirki. Sannan ta dawo gare ni.

"To in tahi?"

Abdullahi yana tsaye a ƙofa, na ji ya juya ya fita. Na so in ce ta dakata, ta bari sai gobe, sai jibi. Amma ta aike ni in gano mata gaskiya, kuma na gano.

Na ce, "Hanya lafiya lau, Hajiya. Duk sanda aka kira ki, ki tafi. Na yafe miki duniya da lahira."

Ta ce, "Ni ma na yahe maka." Ta sunkuya ta cire takalmanta da kanta, ta jera su a gefen gado, ta kwance mayafin ta ninke. Sannan ta ce, "Ba ni shayin nan, ko ya huce."

Ba ta ƙara tambayar kowa ba, ba ta ƙara leƙen ƙofa ba. Sauran safiyoyin da Allah Ya ba mu duk a gefenta na yi su, har ranar Juma'ar da muka kai ta Harami aka yi mata salla.